Shaidu da Takarda: Tarihin Warware Rikicin Mallaka a Cinikin Gidaje da Gonaki a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali, ko ya leƙa Babbar Kotu a ɗaya daga cikin biranenmu, ya san yadda shari'ar gida da gona da fili take cin lokaci da dukiya. Sau da yawa mai ƙara yakan rasu ya bar wa 'ya'yansa shari'ar a cikin gado, su kuma su ci gaba da zirga-zirga har kuɗin da aka kashe ya zarce darajar abin da ake jayayya a kansa. Galibin waɗannan rigingimu kuwa daga ciniki suke tasowa. Wani ya sayar da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai, wani ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, wani kuma ya sayi gonar da ashe jingina ce a hannun wanda ya sayar masa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda aka riƙa warware irin wannan rikici a Arewacin Nijeriya tun daga zamanin Daular Sakkwato zuwa yau, muna masu ɗaukar yawancin misalanmu daga ƙasar Kano. Abin da muke son mu nuna shi ne, tun daga shekarar 1910 doka ta riƙa ɗauka cewa ƙasa ba abin sayarwa ba ce, alhali jama'a ba su taɓa daina saye da sayarwa ba. Saboda haka sai ciniki ya koma wajen rajistar hukuma, aka wayi gari da hanyoyi biyu na tabbatar da mallaka, watau bakin shaidu da takardar gwamnati, kowace tana tafiya ba tare da ta san abin da ɗayar ta ƙunsa ba. A ganinmu wannan giɓi shi ne tushen matsalar.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

A ƙasar Hausa mutum yakan sami gona ta hanyar gado, ko saran daji da izinin dagaci, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko kuma saye. Malamanmu na jihadi ba su bar wannan fage ba rubutu, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. Game da saye da sayarwa kuwa, binciken da Polly Hill ta yi a karkarar Kano, wanda aka buga a 1977, ya nuna cewa a yankunan da jama'a suka yi yawa kewaye da birnin an san sayar da gona tun kafin mulkin Turawa.

Irin wannan ciniki a bainar jama'a ake yin sa. Mai unguwa yana nan, maƙwabtan gona suna nan, a zaga iyaka a nuna gamba ko aguwar da ta raba wannan gona da waccan, a biya kuɗi a gaban kowa, a shafa fatiha. Rajistar ita ce zukatan mutanen da suka halarta, kuma muddin suna raye, ko sun bar wa 'ya'yansu labari, da wuya wani ya tashi da rana tsaka ya musa.

Idan rikici ya ƙi ƙarewa a wurin dattawa, sai a je gaban alƙali, shi kuma ya yi hukunci da fiƙihun Malikiyya kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu da Tuhufa ta Ibn Asim. Akwai ƙa'idoji huɗu a cikin wannan fiƙihu da ya kamata mu tsaya a kansu, domin har yanzu kotunan da ke hukunci da shari'ar Musulunci suna aiki da su.

Ta farko ita ce ta hujja. Wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Kafin alƙali ya yanke hukunci dole ne ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana ko suka ga shaidu.

Ta biyu ita ce hauzi. Wanda ya riƙe gida ko gona shekara goma yana gini da rushewa da noma kamar mai abu, alhali wanda yake da'awar mallaka yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to ba za a saurari ƙararsa ba bayan haka. Tsakanin 'yan'uwa an tsawaita wa'adin zuwa shekara arba'in, saboda an san kara da kunya kan hana dangi magana. Hauzi ba ya aiki idan an tabbatar cewa asalin riƙon aro ne ko haya ko jingina ko amana.

Ta uku ita ce shufu'a. Idan mutane sun yi tarayya a gida ko gonar da ba a raba ba, kamar magada, sai ɗayansu ya sayar da kasonsa ga bare, to abokin tarayya yana da ikon ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi.

Ta huɗu ita ce ta istihiƙaƙi, watau idan mai abu na ainihi ya bayyana bayan an yi ciniki. Risala ta bambanta tsakanin wanda ya saya bisa rashin sani da wanda ya ƙwace. Idan mai saye ya riga ya yi gini, mai ƙasa zai biya shi ƙimar gininsa a tsaye. In ya ƙi, mai saye ya biya ƙimar ƙasar ba gini. In shi ma ya ƙi, sai su zama abokan tarayya gwargwadon ƙimar abin kowa. Maƙwaci kuwa umartarsa ake yi ya cire gininsa, ko a ba shi ƙimarsa a rushe. Mu lura da cewa duk waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a kan cewa mutane sun san juna, kuma abin da ya faru a kan ƙasa ya faru ne a kan idon maƙwabta.

3.0 Dokar 1910 da Abin da Ta Haifar

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. A jawabin da Lugard ya yi a Sakkwato ya bayyana cewa duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar yaƙi, har da iko a kan ƙasa da haraji, ya koma hannun Turawa. Magajinsa, Gwamna Girouard, shi ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 domin ya duba sha'anin ƙasar Arewa. Kwamitin ya saurari manyan jami'an mulkin mallaka irin su Charles Temple, ya kuma tsaya a kan ra'ayin cewa mutanen Arewa ba su san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, amfani kawai suke da ita da yardar sarki. A cikin masu wannan ra'ayi akwai waɗanda tunanin Henry George na Amurka ya rinjaya, wanda yake ganin bai kamata wani ya ci ribar tashin darajar ƙasa ba sai al'umma baki ɗaya.

Daga rahoton wannan kwamiti aka yi dokar ƙasa ta 1910, aka sake tsara ta a 1916. Dokar ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa, kuma babu wani haƙƙin zama ko amfani da zai inganta ba da yardarsa ba. Baƙi, kamar kamfanonin Turawa da Kwarori, sai an ba su satifiket na izinin zama na ƙayyadadden lokaci, suna biyan kuɗin ƙasa. Talakawa kuwa aka bar su a hannun sarakuna da al'ada.

Ba za mu musa cewa wannan doka ta yi wani amfani ba, domin ta hana baƙi mamaye gonakin talakawa kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Amma ta zo ne daidai lokacin da ƙasa ta fara tsada. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuɗi suka shiga hannun manoma da fatake. Mutane suka ci gaba da sayen gonaki da gidaje, hukuma kuwa ba ta tanadi littafin da za a rubuta cinikin talaka ba, tun da a wurinta babu wannan ciniki. Inda aka matsa, sai a ce ai gini aka sayar ko wahalar da aka yi wa gona, ba ƙasar ba.

Gaskiya ne an yi awon gonaki a ƙasar Kano, wanda aka sani da awon taki, inda malaman taki suke auna gona da taku su rubuta sunan mai ita. Amma domin haraji aka yi shi. Sunan da ke cikin littafin na wanda zai biya ne, ko da aro yake yi, ko kuwa shi ne babban gandu da yake noma gonar da shi da ƙannensa suka gada. Haka nan dokar rajista ta 1924 takardun ciniki take yi wa rajista, kuma ta faɗa a fili cewa rajista ba ta gyara aibin da ke cikin takarda. Wanda ya yi rajistar takardar da ɓarawo ya rubuta masa bai sami kome ba.

4.0 Majalisar Sarki

A wannan zamani manyan shari'o'in ƙasa a Kano Majalisar Sarki ce take jin su, saboda an ɗauki ƙasa a matsayin sha'anin mulki. Littattafan shari'a na majalisar Sarki Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, Allan Christelow ya fassara wani sashe nasu ya buga a 1994, kuma a cikinsu ana ganin talakawa suna kawo ƙarar gonaki da gidaje, ana kiran shaidu, ana yanke hukunci. Amfanin wannan tsari shi ne sauri, da kuma cewa hukuncin Sarki ba ya kwana ba a zartar ba. Aibinsa kuwa shi ne ƙa'ida tana iya sauyawa da sauyin Sarki.

Babban misali shi ne gadon mata. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, hanin bai tashi ba sai a 1954 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, kamar yadda Steven Pierce ya bi labarin a bincikensa. Mu duba abin da wannan yake nufi ga mai saye. Wanda ya sayi gona a 1940 daga hannun 'ya'ya maza ya yi ciniki ingantacce bisa hukuncin wancan lokaci. Da aka ɗage hanin, hanya ta buɗe ga 'yan'uwansu mata su nemi rabon da shari'a ta ba su, ga shi kuwa babu wani littafi da ya nuna wa ya sayar, da izinin wa, a kan nawa. Sai aka koma neman tsofaffin da suka halarci cinikin da kuma lissafin shekarun hauzi.

5.0 Daga 1962 zuwa 1978

Bayan samun mulkin kai, Majalisar Jihar Arewa ta yi dokar ƙasa ta 1962. Ta ɗauke ikon daga Gwamna ta ba Minista, ta kuma raba haƙƙin zama gida biyu: wanda hukuma ta bayar da satifiket, da wanda mutum yake riƙe da shi bisa al'ada. Ginshiƙin 1910 bai motsa ba. Sa'an nan a 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e ta mai da su Kotunan Yanki. Sarakuna da hakimai da dagatai suka rasa ikon hukunci, amma sanin wa ke da wace gona yana nan a wurinsu.

Ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka. An sa ta cikin tsarin mulki na 1979, haka kuma na 1999, saboda haka gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Ƙasar kowace jiha ta koma amana a hannun Gwamna. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginar da ƙasar da ke da izinin hukuma sai da yardar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Sashe na 36 ya hana yanka gonakin karkara fuloti-fuloti ko miƙa su ga wani, ya yanka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Birane suka faɗaɗa suka cinye gonakin da ke kewaye da su, kuma a Kano unguwanni da yawa sun tashi ne ta hanyar awon igiya: mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka, a sayar, a rubuta takardar ciniki mai unguwa ya sa hannu. Fuloti ɗaya yana iya ratsa hannu biyar ko shida ba tare da ofishin ƙasa ya ji labari ba. Bambancin wannan da cinikin da muka bayyana a sashe na biyu shi ne, a sabuwar unguwa maƙwabta baƙin juna ne, gamba da aguwa sun tafi, shaidu kuma sun watse.

6.0 Yadda Kotuna Suka Fuskanci Matsalar

Tun da dokar ta zama ta ƙasa baki ɗaya, hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a kan fili a Legas ko Warri yana hawa kan mai gona a Kano. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 kotun ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka: tarihin gargajiya, da takardu, da ayyukan mallaka masu yawa na tsawon lokaci, da daɗewar riƙo, da mallakar ƙasar da ke maƙwabtaka. Takarda ɗaya ce kawai a cikin biyar, sauran huɗun duk a bakin shaidu suke. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 kuma ta nuna cewa satifiket ba ya ba mutum ƙasar da tun farko ba tasa ba ce, idan wani ya tabbatar da haƙƙin da ya riga shi. Watau ko mai satifiket bai tsira daga tsohon da zai zo ya ce gonar kakansa ce ba.

Maganar yardar Gwamna ita ma ta zama makami. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, wanda ya ci bashi ya jinginar da gidansa shi ne da kansa ya ce jinginar ɓatacciya ce domin ba a nemi yardar Gwamna ba, kotu kuwa ta ba shi gaskiya. Sai a 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta, ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya kafin a sami yardar, sai dai cinikin ba ya cika sai an same ta.

Wata matsalar ita ce sanin kotun da za a je. Dokar 1978 ta ba Babbar Kotu shari'ar ƙasar da Gwamna ya bayar, ta ba Kotunan Yanki ta ƙasar al'ada, sai a shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Adisa da Oyinwola cewa Babbar Kotu ma tana da hurumi a ƙasar karkara. A wannan shekara dai, a shari'ar Magaji da Matari, ta tabbatar cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ta da hurumin jayayyar mallakar gona idan ba ta shafi gado ko kyauta ko wasiyya ko waƙafi ba. Mutum yana iya shekaru yana cin nasara daga kotu zuwa kotu, a ƙarshe a ce masa tun farko ya ɓata hanya, ya koma ya sake. Duk da haka ƙa'idojin fiƙihu ba su mutu ba. A shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998, wadda ta taso daga Sakkwato a kan cinikin gida, Kotun Ƙoli ta yi hukunci da Malikiyya cewa maƙwabci ba shi da shufu'a, sai abokin tarayya.

7.0 Yunƙurin Gyara

A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje. Kwamitin ya ba da shawarar a riƙa bin unguwa gida-gida, a tara maƙwabta da masu unguwa, a tabbatar da iyaka da mai abu a gaban kowa, sa'an nan a rubuta, kuma an gwada wannan a jihohin Kano da Ondo. Abuja da Kaduna da Kano da wasu jihohi sun kafa ofisoshin da ke ajiye taswirar filaye a kwamfuta. An kuma buɗe zaurukan sulhu a jikin manyan kotuna, Legas a 2002, Kano a 2009. Ajiye bayanai a kwamfuta yana rage ɓatan fayil da ba da fili ɗaya ga mutum biyu, amma abin da aka shigar kawai na'ura take sani, filin awon igiya da bai taɓa zuwa ofis ba kuwa yana nan inda yake.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa a zamanin da shaidu suke zaune wuri ɗaya, bakinsu ya isa ya raba gardama, fiƙihu kuma ya tanadi mafita har ga wanda ya saya bisa kuskure. Dokokin 1910 da 1962 da 1978 sun kawo takarda, amma sun ƙi amincewa da cinikin da jama'a suke yi, saboda haka takardar ba ta taɓa ɗaukar abin da shaidu suka sani ba.

Bisa wannan muke ba da shawara uku. Na farko, a sauƙaƙa neman yardar Gwamna da kuɗin rajista, yadda mai ƙaramin fuloti zai ga zuwa ofis ya fi masa araha a kan zuwa kotu. Na biyu, duk rabon gadon da alƙali ya yi wanda ya ƙunshi gida ko gona a aika da kwafensa ofishin ƙasa, domin mai saye ya iya sanin ko mai sayarwa shi kaɗai ne mai abu. Na uku, a ba masu unguwa da dagatai littafin rajista na hukuma mai lamba, a ɗora musu alhakin abin da suka sa wa hannu. Ga malaman tarihi da na shari'a da ke wannan taro kuwa, akwai aikin da ke jiranmu na tattara littattafan tsofaffin kotunan alƙalai da na majalisun sarakuna, da jin ta bakin dattawan da suka san iyakokin gonakin da birane suke haɗiyewa, tun suna raye.